Zan kai yara gonar shaƙatawa su ga dabbobi: in tafi da ɗan wata 20 ko in bar shi gida?

Maman_Uku
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Akwai irin gonakin nan da ake buɗe wa iyalai, a sayi tikiti a shiga, yara su ga tumaki da awaki da zomaye da dawakai, su ba su abinci da hannunsu, har a ɗora su a tirelar tarakta a zaga da su. Babbar 'yata shekararta 6, ƙanenta 4, kuma tun da malamarsu ta ba su labarin irin wurin suka hana ni sakat. Damuwata autan ne. Watansa 20, yana tafiya sosai, amma duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai. Babansu ya ce a bar shi wajen kakarsa, ni kuma raina bai kwanta da a fita da yayyensa a bar shi yana kuka ba. Sannan ƙanwata tana son raka mu don ta taya ni riƙon yaran, ga shi tana da ciki wata 5. In tafi da shi ko in bar shi? Me ya kamata in sani kafin mu je?

Baban_Sadauki
Wa alaikumus salam. Ki tafi da shi, Hajiya. Namu yana ɗan shekara 2 muka kai shi, kuma shi ya fi yayyensa jin daɗin wurin. Su gudu suke yi daga wannan shinge zuwa wancan, shi kuwa ya tsaya gaban kaji ya ƙi motsi, yana kallon yadda suke tonon ƙasa. Ki dai riƙe sanitaiza a jaka, duk dabbar da suka taɓa ki matsa musu a hannu, shi ke nan.

Nas_Yara
Malam Baban_Sadauki, na yarda ƙananan suna amfana, amma maganar sanitaiza tana buƙatar gyara, don a nan ne iyaye da yawa suke samun matsala. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira kiriftosforidiyam, tana yawan zama a kashin maruƙa da 'ya'yan tumaki. Tana da ɓawo mai tauri wanda sinadarin sanitaiza ba ya iya fasawa. Ko kulorin da ake zubawa a ruwan ninƙaya tana jure masa na kwanaki. Abin da ke raba ta da hannu shi ne sabulu da ruwa mai zuba, a cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a goge da abu mai tsabta. Sabulun ma ba kashe ta yake yi ba, wanke ta yake yi ta bi ruwa. Tishu mai laima kuwa dattin da ido ke gani kawai yake ɗaukewa.

Kada kuma a ɗauka sai yaro ya taɓa kashi. Dabba tana kwanciya a kan kashinta, tana goga jikinta a shinge. Saboda haka gashinta, ƙarfen shingen, ƙofa, ciyawar da aka shimfiɗa mata, duk suna iya ɗauke da ƙwayar. Ɗan wata 20 tsayinsa daidai ƙarfen ƙasa na shinge yake, wanda ya fi kowanne ƙazanta, kuma shi zai dafa. Ban ce kada ki kai shi ba, Maman_Uku. Cewa nake in za ki kai shi, ki san nauyin da kika ɗauka.

Uwar_Tagwaye
Ni lissafin manya nake fara yi. Yara uku, ɗaya mai kai hannu baki. Autan nan yana buƙatar babban mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai shi, ba mai ɗaukar hoto ba, ba mai riƙon jaka ba. In babansu zai je, ya ɗauki manyan biyu ke ki ji da ƙaramin. In ke da ƙanwarki ce kaɗai, gaskiya ki bar shi wajen kaka.

Likitan_Dabba
Ku yi haƙuri, kowa ya tsaya kan autan, ni kuwa maganar ƙanwar ce ta fi tsaya mini a rai. Mai ciki ba ta kusantar tumaki ko awakin da ke haihuwa ko waɗanda suka haihu kwanan nan. Akwai cututtukan da ke sa tunkiya ɓari, kuma suna iya kama mace su taɓa abin da ke cikinta: toksofilasma, listeriya, zazzaɓin Q, da wani nau'in kilamidiya na tumaki. Suna fitowa da yawa a mabiyiya da ruwan haihuwa, su ɓata shimfiɗar garken da jikin jinjirin. Ba kasafai ake kamuwa ba, wannan gaskiya ne, amma in aka kamu abin yana iya kaiwa ga ɓari ko haihuwar bakwaini. Ga shi kuma irin gonakin nan lokacin haihuwar tumaki suka fi cika da jama'a, saboda kowa yana son ya ba ɗan tunkiya madara a kwalba. Ki kira su ki tambaya ko akwai masu haihuwa yanzu. In akwai, ƙanwarki kada ta shiga rumfar, kada ta ba jinjiri madara, kada kuma ta zama ita ce mai cire wa yaran takalma da kaya in an dawo. Ta faɗa wa ungozoma ko likitan da take awo wajensa kafin ta yanke shawara.

Maman_Uku
Subhanallah. Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. Zan kira su gobe da safe in ji.

Tsohon_Makiyayi
Ina karanta ku ina mamaki. Cikin dabbobi na tashi, cikin dabbobi na raini 'ya'yana, da rarrafe suke shiga garke, ga su nan sun girma lafiya ƙalau. Yaran yanzu an killace su a ɗaki har sun zama ba sa jure komai. 'Yata, ki kai yaronki ya taka ƙasa, ya shaƙi warin garke, jikinsa zai yi ƙwari. Tsoron da ake cusa wa iyaye ya yi yawa.

Malamin_Kimiyya
Baba, maganarka tana da tushe, masana ma sun bincika. A 2016 an wallafa wani bincike a Amurka da ya kwatanta yaran al'ummar Amish da na Hutterite. Asalinsu ya yi kusa, rayuwarsu ta yi kama, sai dai Amish suna noma da dawakai a ƙananan gonaki, garkensu daf da gida, yara suna shige da fice, su kuwa Hutterite noman manyan injina suke yi, dabbobinsu suna nesa da gidaje. Sai aka tarar cutar asma ta ninka kusan sau 4 a cikin yaran Hutterite. An ga makamancin haka a ƙauyukan Jamus da Austiriya da Suwizalan. Amma a lura, Baba, wannan kariya ta yaron da ya tashi a ciki ce, wanda kullum yake shaƙar ƙurar garke tun yana jariri. Wanda aka ɗauko daga cikin gari aka kai shi gona yini guda ba zai samu wannan ba, kuma jikinsa bai taɓa haɗuwa da ƙwayoyin da 'ya'yanka suka saba da su ba.

Tsohon_Makiyayi
To ai da farawa ake sabawa, Malam. In ba a kai shi ba, yaushe zai saba?

Nas_Yara
Baba, Allah ya ƙara girma, ba na jayayya da abin da ka gani da idonka. Amma akwai ƙwayar da ba a yin gwaji da ita a jikin yaro, ita ce ikolai nau'in O157. Shanu da tumaki da awaki suna ɗauke da ita a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, dabba tana ƙiba tana sheƙi, ba alamar da za ka gani. Kaɗan ƙwarai ya isa ya kwantar da yaro. A 2009 ta ɓulla a wata gonar shaƙatawa mai suna Godstone a kudancin Ingila, mutum 93 suka kamu, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 10, wasunsu sai da aka yi musu wankin ƙoda. Bayan nan aka ƙara tsaurara ƙa'idojin irin gonakin a can, musamman raba wurin taɓa dabba da wurin cin abinci da wurin wasa, da samar da famfo da sabulu inda yara ke fitowa. 'Yan ƙasa da shekara 5 su ne gubar ƙwayar ta fi taɓa wa ƙoda. Shi ya sa nake nanata wanke hannu, ba don a hana yara zuwa ba.

Baban_Sadauki
Nas, to in babu famfo kusa da garken fa? Wanda muka je, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka kai banɗaki.

Nas_Yara
Sai a riƙe gorar ruwa da sabulun ruwa a jaka, wani ya zuba wani ya cuɗa. Sanitaiza a shafa shi kafin a kai ga ruwa, ba a madadin ruwa ba. Amma gonar da ta bar yara su taɓa dabba ba ta sa wurin wanke hannu a bakin fita ba, ni wannan kaɗai ya ishe ni in gane irin kulawarsu.

Hajiya_Kaka
Ni jikoki nake kaiwa, shawarata a je da sassafe. Da hantsi dabbobin suna jin yunwa, da kansu suke zuwa bakin shinge. Bayan azahar sun ƙoshi da abin da baƙi suka ba su, sun koma inuwa sun kwanta suna tuƙa, yara su yi ta miƙa hannu ba mai kula su. Yaran ma lokacin sun gaji, barcin rana ya taso, sai rigima. Awa 2 zuwa 3 ta ishi ƙaramin yaro. Kada a ce tunda an biya sai an ga komai. A sa musu hula, a riƙe ruwan sha, a ɗauki kayan canji a bar su a mota.

Mai_Aikin_Gona
Na yi aiki a irin wannan gona, bari in faɗa muku abin da muke fama da shi ta ɓangarenmu. Don Allah kada ku zo wa dabbobi da abinci daga gida. Wanda ake sayarwa a ƙofa an auna shi. Burodi da biskit da hatsi in suka yi yawa a cikin tunkiya ko akuya sai su yi tsami a tumbinta, cikin ya kumbura, tana iya mutuwa kafin gari ya waye. Kowane iyali suna ganin ɗan gutsure suka bayar, ba su san iyalai nawa suka wuce kafin su ba. Doki da jaki kuma ba sa iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Leda ma a kula, akuya za ta fizge ta daga hannun yaro ta haɗiye har da abin da ke ciki.

Sai yadda ake miƙawa. A shimfiɗa tafin hannu, yatsu a haɗe, babban yatsa a manne, abincin a tsakiya. Tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, saboda haka da wuya su ji wa yaro rauni, leɓensu kawai zai ji yana yi masa cakulkuli. Doki da jaki kuwa suna da haƙora sama da ƙasa, kuma ƙaramin yatsa a wajensu bai da maraba da karas. Ɗan wata 20 ba ya miƙa wa doki komai. Ba a kuma tsayawa a bayan doki ko jaki, ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, in ya firgita harbi zai yi.

Abin da ya fi sa yara kuka a wurinmu ba shanu ba ne. Awaki ne in an shiga cikinsu da kwanon abinci, sai su yi ca a kan yaro, su ɗora ƙafafun gaba a ƙirjinsa su kayar da shi. Sai zakara, da talo-talo, da manyan agwagin nan masu dogon wuya da ke huci su biyo mutum. In za a shiga cikin awaki, babba ya riƙe kwanon sama, ya riƙa zuba wa yaro kaɗan-kaɗan.

'Yar_Zomaye
Ni tambayata daban ce, ku gafarce ni. Su dabbobin fa, wa ke duba halin da suke ciki? Zomo a daji kowa farautarsa yake, in aka ɗaga shi sama ji yake an sure shi. Shirun da yake yi a hannun yaro sau da yawa tsoro ne ya sandarar da shi. Ƙashin bayansa kuma ba ƙwari, in ya yi fizga da ƙafafun baya ko ya faɗo yana iya karyewa. Na taɓa ganin wurin da zomo ɗaya yake yawo hannu zuwa hannu tun safe, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a ɗaga shi ta kunne. Yaro ya zauna a ƙasa, a ɗora masa zomon a cinya a kan tawul, ya shafa bayansa da yatsu biyu. Gonar kirki tana canza dabbobin da ake taɓawa, tana da lungun da dabba za ta shige ta ɓuya in ta gaji, da ruwa da inuwa. In kuka tarar babu waɗannan, ku janye yaranku daga layin, kada su tashi da ganin dabba abin wasa ce.

Mai_Aikin_Gona
Gaskiya kika faɗa, 'yar uwa. 'Yan tsaki ma haka. Ƙaramin yaro bai san ƙarfin hannunsa ba, daɗi ne ke sa shi matsewa.

Likitan_Dabba
Tunda an ambaci 'yan tsaki: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙe 'yan tsaki ko 'ya'yan agwagwa, saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. Wato ɗan shekara 4 ɗin Maman_Uku ma kallo zai yi. Kuma duk tunkiya ko akuyar da kuka ga tana da ƙuraje masu ɓamɓaroki a leɓe, ko maraƙin da gashinsa ya zube zagaye-zagaye, kada a taɓa. Na farkon yana kama yatsa, na biyun makero ne, yana kama fata.

Abban_Mata
Ni fa ban ga amfanin wannan wahalar ba. Yaron da bai kai shekara 3 ba ba zai tuna ya je ba. Duk abin da aka lissafa a sama na haɗari a kansa ya fi faɗawa, ribar kuma ta yayyensa ce. Ki bar shi gida, ki samu sukunin kula da manyan biyun, su ne za su tuna. Baɗi sai a kai shi. Babansu ya yi daidai.

Malamar_Raino
Abban_Mata, ba zai tuna ranar ba, na yarda. Amma ba zai tuna ranar da ya koyi tafiya ba ma, ga shi yana tafiya. A littattafan da muke nuna wa ƙananan yara, saniya da kaza girmansu ɗaya a shafi. Ranar da yaro ya tsaya gaban saniya ta gaske, ya ji kukanta a ƙirjinsa, ya ga harshenta, abin da ke kansa game da saniya ya canza. Yaran da aka kai muna gane su a aji, kwana da kwanaki suna kwaikwayon kukan dabbar da suka gani. Wannan kuma ba ya buƙatar taɓawa. Yana hannun uwarsa zai samu duka.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne kada a tilasta. In yaro ya noƙe, a bar shi ya kalla daga nesa. Kada a kama hannunsa a tura wa akuya don a ɗauki hoto, kada a yi masa dariya in ya tsorata. Sau da yawa in ya ga yayarsa ta miƙa ba abin da ya same ta, da kansa zai matso.

Manyan biyun kuma ki ba su abin nema, Maman_Uku, sai su daina gudu. Ki ce su leƙa idon akuya, za su ga baƙin idonta a kwance yake ba zagaye ba, shi ke ba ta damar hango gefe da gefe tana kiwo. Su tsaya gaban tunkiyar da ke kwance su kalli wuyanta, za su ga lomar tana hawowa ta sake taunawa, sai ki gaya musu cikinta kashi 4 ne. In akwai injin ƙyanƙyasa, ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na yawancin agwagi 28. Tunkiya da akuya wata 5 suke ɗaukar ciki, saniya wata 9, goɗiya wajen wata 11. 'Yar shekara 6 tana son irin wannan lissafi ƙwarai.

Uwar_Tagwaye
Malama, na ji daɗin bayaninki, amma Abban_Mata ma a saurare shi. Akwai haƙƙin manyan. In uwa ta ƙare yinin tana bin autan tana cire masa ciyawa daga baki, su wa zai tsaya ya nuna musu idon akuya?

Malamin_Kimiyya
Ƙari a kan abin nema: ku riƙa tambayar ma'aikatan wane iri ne wannan dabba. Da yawa daga gonakin nan ba don nishaɗi kawai aka kafa su ba. Wadda wani manomi mai suna Joe Henson ya buɗe a yankin Cotswold na Ingila a 1971, manufarta adana tsofaffin irin tumaki da shanu da suka kusa ƙarewa saboda manoma sun koma irin da ya fi saurin girma, kuma kuɗin shigar baƙi ne ke ciyar da su. Bayan shekara 2 aka kafa ƙungiyar kare irin waɗannan dabbobi a ƙasar, da shi cikin waɗanda suka assasa ta. Ma'aikacin da ya ga yaro yana tambaya da gaske yakan tsaya ya yi masa bayani fiye da abin da ke rubuce a allo.

Maman_Uku
Na kira su. Sun ce tumakinsu sun fara haihuwa, kuma da kansu suka ce ba sa son mai ciki ta shiga rumfar. Ƙanwata ta ce sai ta zauna wajen lilon yara ta jira mu. Babansu ya yarda zai je, amma har yanzu yana kan bakansa a kan autan. Tambaya biyu: in na tafi da shi, keken turawa ya fi ko in goya shi? Sannan suna ɗora yara a kan ƙuru, wato ƙaramin doki, ɗan shekara 4 ya isa hawa?

Likitan_Dabba
In ƙanwata ce, zan ce ta bari sai an gama haihuwar, ko sai ta sauka lafiya. Ƙwayar zazzaɓin Q tana bin ƙura, iska tana ɗaukar ta. Tsakanin 2007 da 2010 sama da mutum 4,000 suka kamu a Holan, yawancinsu maƙwabtan gonakin awaki ne da ba su ma shiga garke ba. Waɗancan manyan gonakin madara ne da cutar ta riga ta shiga, ba daidai suke da ƙaramar gonar shaƙatawa ba, kuma zama wajen lilo ya fi shiga rumfa aminci nesa ba kusa ba. Amma yara za su fito daga cikin tumaki su faɗa jikinta da hannu da kaya. Tunda babansu zai je, ba dole a zuwanta.

Hajiya_Kaka
Ta zauna gida ta huta. Gonar tana nan, ba inda za ta.

Nas_Yara
A kan keke da goyo: ƙafafun keke suna kwasar duk abin da ke ƙasa, a naɗe shi a sa a mota, a kai shi har cikin gida inda yaron yake wasa. In kin zo da shi, ki ajiye shi a waje kafin ku shiga wajen dabbobi, ki wanke ƙafafun kafin ya shiga ɗaki. A cikin rumfa goyo ya fi, hannunsa ba ya kai wa shinge, naki hannun kuma a sake yake. Abin tsotso, kwalbar madara, kofinsa, abin wasansa, duk a bar su a jaka a rufe, in ɗaya ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke a gida. Ba a cin komai ana tafiya, sai an wanke hannu an zauna inda aka tanada. Takalmi sau-ciki ko na ruwa za a sa musu, ba silifa ba, a cire a bakin ƙofa in an dawo, wanda ya cire ya wanke hannu. In an ba ku madarar da aka tatsa nan take ba a dafa ba, kada yara su sha.

Bayan kun dawo ki sa ido har mako 2. In wani ya fara gudawa ko amai, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita an je gona, don hakan yana canza gwajin da zai yi. In akwai jini a bahaya, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya ɗashe, ko fuska ta kumbura, ba jira. Kada a saya masa maganin tsayar da gudawa ko antibayotik da ka, don in O157 ce suna iya ƙara ta'azzara abin. A ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.

Ɗan_Sirdi
Ɗan shekara 4 yana iya hawan ƙuru in ma'aikaci ne ke jan linzami a ƙasa, ana tafiya a hankali, babansa yana gefe. Sharaɗi hular kwano daidai kansa, a ɗaure igiyar a haɓa. In ba su da hula girmansa, kada ya hau ko da kuka zai yi. Ku dubi ƙurun ma: in ya kwantar da kunnuwa baya yana kaɗa jela da ƙarfi, ya gaji da ɗaukar yara, ku jira wani. In an ba yaro igiya ya riƙe a ƙasa, kada ya naɗa ta a hannu.

Tsohon_Makiyayi
Wannan ɗan ya san dabba. Abin da nake so a koya wa yara ke nan, su iya karanta ta. Dabba ba ta son ihu, ba ta son a faɗo mata daga sama ko daga baya. A zo mata ta gefe, ana magana a hankali, a bar ta ta sunsuna hannu tukuna. Uwar da ta haihu ba a shiga tsakaninta da ɗanta, ko tunkiya ce za ta buga ƙafa a ƙasa ta yi gargaɗi. Rago in ya ja da baya yana sunkuyar da kai, a ɗauke yaro. Na ji bayanin Nas da Likita, a wanke hannun, ba laifi. Amma ina kan maganata, 'yata, ki goya shi ki tafi da shi.

Abban_Mata
Ni ma ina kan tawa, Baba. Yaron da ya iya tafiya ba zai yarda a goya shi awa 3 ba yana ganin yayyensa a ƙasa. Zai yi ta zillo har sai an sauke shi, daga nan sai shinge.

Uwar_Tagwaye
Ai ba awa 3 zai yi a baya ba. Cikin rumfa kawai, wadda ba ta wuce ɗan lokaci. Sauran filin a sauke shi ya yi gudunsa. Amma ke kika san ɗanki, Maman_Uku, akwai yaron da in ya ce sai ƙasa to sai ƙasa.

Maman_Uku
Irinsu ne kuwa. Zan nuna wa babansu duk abin da kuka rubuta yau da dare. Ƙanwata dai ta haƙura. Saura tirelar tarakta, ita ma da shi ake hawa?

Mai_Aikin_Gona
Ya danganta da gonar, wasu suna da iyakar shekaru, ki tambaya a ƙofa. In sun yarda, ki zaunar da shi a cinyarki a kujerar tsakiya, nesa da gefe, manyan su zauna kada su miƙe sai an tsaya cak. Ƙarar injin tana firgita wasu ƙananan, can baya ya fi sauƙi. Ki kuma tambayi lokacin da ake ba 'ya'yan tumaki madara tun kuna shiga, don wurin yana cika da wuri, kuma nan ne babansu zai fi buƙatar riƙe hannun manyan biyun har bakin famfo.